Sabbin Magungunan Ciwon Jiki Mai Naci: Abin Da Ya Iso, Da Abin Da Muke Da Shi A Katsina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi bayani a kan wani labari da ke yawo a wayoyin mutane, cewa an samo wani sabon magani mai suna Tonmya na faibiromayaljiya, wato ciwon nan da ke game jiki duka ya ƙi sakin mutum shekara da shekaru, alhali duk gwajin da aka yi a asibiti yana nuna lafiya lau. Sana'ata harhaɗa magunguna ce, na kuma daɗe a bayan kanta a cikin birnin Katsina, saboda haka na san yadda irin wannan labari kan ƙare a wurinmu: kafin likita ya gama karanta shi, mai talla ya riga ya buga wa wata ƙwaya sunan ya kawo kasuwa. Labarin gaskiya ne, amma an yanke masa kai da ƙafa, kuma abin da aka yanke ɗin shi ne ya fi shafar marasa lafiyarmu.

Mai wannan ciwo yana jin tsami da raɗaɗi a sama da ƙasan jikinsa, dama da hagu, har na tsawon wata uku ko fiye. Yakan kwanta ya tashi da gajiyar da ta fi ta lokacin da ya kwanta, ga mantuwa da dushewar tunani, sau da yawa kuma ga ciwon kai da rikicewar ciki. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna yana kama mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ce a riƙa danna wurare 18 a jiki, idan 11 sun yi zafi a tabbatar da ciwon, amma a 2010 ta bar wannan hanya ta koma ga ƙirga sassan jikin da ke ciwo tare da auna gajiya da barci da tunani, sannan aka sake gyara ma'aunin a 2016. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne babu kumburi a gaɓa, babu rauni a tsoka. Matsalar tana cikin laka da ƙwaƙwalwa, inda ake karɓar saƙon zafi a tace shi, sai ya zama kamar lasifikar da aka ƙure wa murya, ɗan motsi kaɗan ya fito da ƙara mai firgitarwa. An auna ruwan lakar masu ciwon an tarar da wani sinadari mai isar da saƙon zafi ya ninka na masu lafiya kusan sau uku. Wannan shi ne dalilin da ya sa diklofenak da ibufurofen da sauran magungunan kumburi ba sa taɓuka komai, ko da an sha su kwali-kwali.

Kafin 2025 magunguna uku kacal hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su domin wannan ciwo. Firegabalin, wanda kamfanin Pfizer ke sayarwa da sunan Lyrica, shi ya fara samun izini a 2007. Duloksetin, wato Cymbalta na kamfanin Eli Lilly, ya biyo baya a 2008. Sai milnasifiran, wato Savella, a 2009. Na farkon yana rage yawan saƙon da jijiyoyi ke aikawa, biyun ƙarshe kuma suna ƙarfafa hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta danne zafi. Sai dai idan aka tara gwaje-gwajen aka duba, a cikin mutum goma da suka sha ɗayan waɗannan, kusan mutum ɗaya ne kawai yake samun sauƙi mai yawa fiye da wanda zai samu da an ba shi ƙwaya marar magani, wasu kuma da dama suna ajiye shan saboda jiri ko tashin zuciya ko ƙiba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba waɗannan alƙaluma ta ƙi ba ko ɗaya daga cikin ukun izini a kan wannan ciwo. Ina kawo wannan ne domin a gane cewa ko a ƙasashen da ake ƙera maganin, masana ba su taɓa haɗuwa a kan cewa an samo waraka ba.

Sabon da ake magana a kai sunansa Tonmya, na kamfanin Tonix, kuma FDA ta amince da shi a watan Agusta na 2025, bayan shekara goma sha shida ba a ƙara ko ɗaya ba. Sinadarin da ke cikinsa, saikulobenzafirin, tsoho ne tukuf, domin tun a 1977 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Flexeril a matsayin mai sassauta ɗaurewar tsoka. Abin da aka sabunta shi ne yawansa da hanyar shansa. Ƙwaya ce ƙarama mai miligiram 2.8, ana sa biyu a ƙarƙashin harshe lokacin kwanciya, su narke su shiga jini kai tsaye. Idan an haɗiye maganin, hanta ce ke fara karɓarsa, ta mayar da kaso mai yawa zuwa wani sinadari da ke daɗewa a jiki yana taruwa. Idan kuwa ya bi ta ƙarƙashin harshe, yana saurin kaiwa ga ƙwaƙwalwa a daidai lokacin da ake bukatarsa, kuma wancan mai taruwar yana raguwa.

Hikimar da ke bayan wannan ta fi ƙwayar kanta muhimmanci a wurina, domin barci maganin yake nufa ya gyara, ba tsoka ba. Tun a 1975 wani likita a birnin Toronto na Kanada, Harvey Moldofsky, ya lura cewa ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo ba ta nutsewa sosai a cikin barci mai zurfi, kamar wani ɓangare nata yana farke. Ya ɗauki matasa masu ƙoshin lafiya ya riƙa katse musu wannan mataki na barci da ƙara, ba tare da ya tashe su sarai ba, cikin 'yan kwanaki suka fara kukan tsamin jiki da zafi idan an danna su, da aka bar su suka yi barci yadda ya kamata kuma abin ya tafi. Ke nan rashin barci mai zurfi yana iya haifar da ciwon, ciwon kuma ya hana barcin, su yi ta zagaye. Tonmya ƙoƙari ne na yanke wannan zagaye. An gwada shi a manyan gwaje-gwaje uku a ma'aunin ƙwaya biyu da dare: biyu, masu ɗauke da mutum kusan dubu a haɗe na tsawon mako 14, sun nuna ya fi ƙwaya marar magani, ɗaya kuma a 2021 aka dakatar da ɗaukar mutane a cikinsa saboda babu alamar zai yi nasara. A biyun da suka yi nasara ma, ratar da ke tsakaninsa da ƙwaya marar magani ba ta kai maki ɗaya ba a ma'aunin zafi mai maki goma. Wajen mutum ɗaya cikin biyar sun ji bakinsu ko harshensu ya mutu na ɗan lokaci bayan sun sa ƙwayar. Ba a ba mai ciwon zuciya irin na rikicewar bugu ko wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, kuma takardarsa ta yi gargaɗi game da farkon shigar ciki, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a wurin da yawancin masu ciwon mata ne da ke cikin shekarun haihuwa.

Ga abin da ba na jin masu yaɗa labarin sun sani. Saikulobenzafirin da amitiriftilin 'yan gida ɗaya ne, domin idan aka zana ginin sinadaransu, a wuri ɗaya tak suka bambanta. Amitiriftilin kuwa yana nan a shagunan magani na Katsina da Daura da Funtuwa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana cikin mafi araha a kan kanta. An fito da shi ne a farkon shekarun 1960 domin ciwon damuwa, inda ake shan miligiram 75 zuwa 150, amma tun 1986 aka gwada shi a kan wannan ciwo da ɗan kaɗan, miligiram 10 zuwa 25 da dare, aka ga yana gyara barci yana rage zafi ga wasu. Ba na cewa daidai yake da sabon, kuma gwaje-gwajensa tsofaffi ne ƙanana waɗanda ba su kai ingancin na yanzu ba. Yana busar da baki, yana kawo taurin bayan gida, yana iya riƙe fitsari ga dattijo, kuma a watannin zafi ko lokacin azumi bushewar bakin tana damun mutane sosai. Wanda ya sha shi da tsakar dare zai sha wahalar tashi sallar Asuba, shi ya sa nakan ce wa wanda likita ya rubuta masa ya sha tsakanin Magariba da Isha'i. Yawan shansa kuma yana kashewa, don haka ba abin ajiyewa ba ne inda yara ke kaiwa. Duk da haka, mace da ke zaune a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa ba ta da dalilin jin cewa an bar ta a baya domin Tonmya bai iso ba, tun da ɗan'uwansa na jini yana kusa da ita, likitan da zai gane ciwonta ya rubuta mata ne ba ta samu ba.

Na biyu da ake yawan tambaya a kansa shi ne naltirekson ɗan kaɗan. Asalinsa maganin raba mutum da shaye-shaye ne, ana ba da miligiram 50, amma wani mai bincike a Jami'ar Stanford, Jarred Younger, ya gwada miligiram 4.5 a kan mata 10 a 2009, sannan mata 31 a 2013, bisa tunanin cewa a wannan ɗan ma'auni yana kwantar da wasu ƙwayoyin garkuwa da ke cikin ƙwaƙwalwa. Sakamakon ya yi kyau, labarin ya bazu a intanet, har wasu suka riƙa fasa ƙwayar miligiram 50 suna narkawa a ruwa suna auna wa kansu. Da aka yi gwaji mafi girma a Denmak, mata 99 na tsawon mako 12 a kan miligiram 6, wanda mujallar Lancet ta fannin gaɓoɓi ta buga a 2024, bai fi ƙwaya marar magani rage zafi ba. Ana ci gaba da bincike, amma ga mutanenmu akwai haɗari na musamman, domin duk wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, idan ya sha naltirekson zai faɗa cikin mummunan hali nan take, da amai da gumi da karkarwa.

Magungunan da suka faɗi a hanya sun fi waɗanda suka kai ga samun izini. Mirogabalin na kamfanin Daiichi Sankyo na Jafan an gwada shi a kan mutum fiye da 3,000, a 2017 aka sanar bai cimma abin da ake nema ba. Sodiyam oksibet ya rage zafi ya gyara barci, amma FDA ta ƙi shi a 2010 saboda tsoron yadda za a yi amfani da shi ta muguwar hanya. Wani haɗin maganin ƙwayar cuta da na kumburi ya kasa a 2022, magungunan da aka samo daga tabar wiwi kuwa har yanzu babu hujja mai ƙarfi a kansu.

Binciken da nake ganin zai iya sauya al'amarin gaba ɗaya bai ma kai ga zama magani ba tukuna. A 2021 masana daga King's College ta Landan da Jami'ar Liverpool da Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka ɗebi sinadaran garkuwar jiki daga jinin masu wannan ciwo suka yi wa ɓeraye allurarsu. Ɓerayen suka fara jin zafin dannawa da na sanyi fiye da ƙima, ƙarfin riƙonsu ya ragu, motsinsu ya ragu, alhali waɗanda aka yi wa allurar na masu lafiya ba su nuna komai ba, kuma bayan 'yan makonni da sinadaran suka fita daga jikinsu suka koma daidai. An tarar sinadaran suna liƙewa ne a kan ƙwayoyin da ke kewaye da tushen jijiyoyin ji, a gefen laka. Idan wannan ya tabbata a kan mutane, ma'anarsa ita ce wani kaso na masu ciwon garkuwar jikinsu ce ke yaƙarsu, kuma akwai magungunan rage irin waɗannan sinadarai da tuni ake amfani da su a wasu cututtuka. Amfaninsa na yanzu shi ne ya rufe bakin masu cewa ciwon raki ne ko son jiki, domin ɓera bai san raki ba. Sai dai magungunan wannan aji allurai ne masu tsadar gaske, kuma tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya mai nisa.

To, mu dawo gida. Abin da na fi gani a bayan kanta shi ne mace mai shekara arba'in ko hamsin, ta zo da baƙar leda cike da sacet-sacet da aka ɓare rabi, da takardun gwajin taifod da na zazzaɓin cizon sauro da suka yi laushi saboda ninkewa, ta ce, "Malam, a haɗa mini na ciwon jiki, wanda na sha jiya bai yi mini ba." Idan na zazzage ledar sai in ga diklofenak iri biyu masu suna daban-daban da take sha tare ba ta san abu ɗaya ba ne, ga firoksikam, ga ƙananan fararen ƙwayoyin deksametason, wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, ƙafafunta sun sirance, cikinta yana zafi, an riga an gaya mata tana da olsa, wani lokaci har sukarinta ya hau. An yi mata ƙarin ruwa, an yi mata allurar taifod ba sau ɗaya ba, a gida an ce sanyi ne, wata ta ce jifa ne, maigida kuma ya fara gajiya da kashe kuɗi a kan ciwon da gwaji ba ya gani. Nakan ce mata, "Hajiya, yaushe rabonki da ki tashi daga barci ki ji kin wartsake?" Sau da yawa sai ta yi shiru tana tunani, domin ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ba kowace irin wannan mace ce ke da faibiromayaljiya ba, kuma ba aikina ba ne in yanke hukunci. Raunin maƙoshin nan da ke sarrafa kuzarin jiki, da ƙarancin bitamin D ga wadda ba ta samun rana, da ƙarancin jini, da ciwon hanta, da amosanin gaɓoɓi, da lalacewar jijiya ta ciwon suga, duk suna iya zuwa da irin wannan kama, kuma yawancinsu ana gane su da gwajin jini a yi maganinsu. Amma ko wanne ne daga ciki, abin da ke cikin ledar nan yana ƙara mata ciwon ƙoda da gyambon ciki ne a kan wanda ta zo da shi.

Babban tsorona shi ne inda sabon labarin zai haɗu da tsohuwar masifar ƙwaya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 4.6 suna shan magungunan kashe zafi masu sa maye ba bisa ƙa'ida ba, galibi tiramol, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Tiramol mai miligiram 225 da ake kamawa ya ninka abin da NAFDAC ta yarda da shi. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda ake shigo da haɗin tafentadol da karisofurodol daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma, kuma karisofurodol ɗin nan shi ma ana kiransa mai sassauta tsoka, saboda haka abu ne mai sauƙi wani ya miƙa wa marar lafiya shi ya ce ai shi ne sabon na Amurka. Firegabalin ma ya shiga hannun matasa masu neman maye; Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da ake tsare da su a 2019, a shekarar kuma FDA ta yi gargaɗin cewa haɗa shi da dangin tiramol yana iya danne numfashi. Haɗa tiramol da amitiriftilin ko duloksetin ko saikulobenzafirin yana iya jawo farfaɗiya ko wani zazzaɓi mai rikita jiki da hankali. Marar lafiyar da ba ta gaya wa likita tana shan tiramol a ɓoye ba, ita ce ta fi kowa shiga haɗari ranar da aka rubuta mata maganin da ya dace.

Kada kuma a manta cewa da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta tace duk hanyoyin magance wannan ciwo a shawarwarinta na 2017, abu ɗaya kawai ta ba goyon baya mai ƙarfi, shi ne motsa jiki, ta kuma yi hani mai ƙarfi a kan dangin deksametason da manyan magungunan kashe zafi masu sa maye. Motsa jikin da ake nufi shi ne a fara da tafiyar minti biyar ko goma a riƙa ƙarawa a hankali, ko da zagaya tsakar gida ne ga wadda ba ta fita, ba aikin wahala na surfe da ɗiban ruwa ba, wanda yakan kwantar da mai ciwon kwana biyu. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi sun san yadda ake tsara wannan, amma ba kasafai ake tura musu irin waɗannan mata ba.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina shi ne ta haɗa kai da likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a shirya wa jami'an ƙananan asibitoci ɗan horo a kan gane wannan ciwo, domin ma'aunin 2016 takarda ce guda da ake cikewa da tambayoyi, ba ta bukatar na'ura, kuma su ne marar lafiya ke fara gani tun kafin ta kai ga babban asibiti. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta duba yiwuwar ɗaukar nauyin gwajin maƙoshi da na jini ga mai ciwon jikin da ya wuce wata uku, tun da kuɗinsu bai kai abin da ake ɓatawa a kan maimaita maganin taifod ba. 'Yan'uwana masu kemis kuma su daina haɗin ciwon jiki mai deksametason, su tura mutum asibiti idan ya dawo karo na biyu da kuka ɗaya. Masu karatu su sani cewa amincewar FDA ba ta wuce Amurka ba, kuma duk wanda aka kawo wa wata ƙwaya da sunan Tonmya ya nemi lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalin, ya kai wa mai harhaɗa magunguna mai lasisi ya duba kafin ya sa ta a baki. Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ina fata jaridar nan za ta aika wakilinta ya zanta da likitan gaɓoɓi da likitan ƙwaƙwalwa a kan wannan ciwo, a buga hirar a shafin lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai harhaɗa magunguna,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.